Asake Biyar Cikin Zabira

Kontagora,
4 ga Yuni, 2023.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u Abdulƙudus, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jikin mahaifinki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, in ban da gwiwa da kunne. Saboda kunnen ne na ce kada ki kira ni a waya, ba na jin komai sai shuuu. Ki rubuto, ki ba Sunday direba, yana shigowa tasha duk Talata.

A watan nan shekara talatin da tara ke nan da rasuwar mahaifina, Wanzam Nasrullahi. Ran sadakar uku dattawan wanzamai suka cika zaurenmu. Aka sauko da zabirarsa daga inda take rataye, aka miƙa ta ta saman kaina, aka ba mahaifinki, ɗan ƙanensa. Ni ɗansa tilo ina zaune da farar riga da biro a aljihu. Wani tsoho ya ce, "Ai Malam Nababa hannunsa na alli ne, kada ya je ya cire wa mutane kunne." Aka yi dariya, a gidan makoki. Mahaifinki bai yi dariya ba, amma ya karɓa. Tun daga ranar, gaisuwar sallah kaɗai ke haɗa mu.

To ran Talata sai ga Sunday da ƙullin leda, wai saƙo daga Zariya. Na buɗe, zabirar ce. Ba takarda, ba bayani. Sai da hannunsa ya mutu ya tuna cewa mai zabirar ya bar ɗa.

Asake bakwai ne a ciki, duk tsatsa ta cinye su. Na san Baba aska ɗaya yake ji da ita, wadda yake askin jarirai da ita ran suna. Sauran ban damu da su ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, goma sha biyu a ciki ina hedimasta, amma ga ni zaune da ƙarafa bakwai a kan tabarma na kasa cewa wannan ce ta ubana.

Ki tambaye shi wacce ce. 'Yata Sa'adiya tana da tsohon ciki, ana sa ran haihuwa farkon Agusta, kuma ina so a taɓa kan jikana da askar nan. Iyakar abin da nake nema gare shi ke nan.

Baffanki,
Nababa Nasrullahi.

*

Zariya,
13 ga Yuni, 2023.

Baffa,

Wa'alaikumussalam. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Sa'adiya, Allah ya sauke ta lafiya. Abba da sauƙi, yana cin abinci, sai dai ɓarin dama har yanzu bai motsa ba, harshen kuma ya yi nauyi. Kalma uku sai ta ɗauke shi tsawon shan kofin shayi.

Na karanta masa wasiƙarka. Gaskiya, Baffa, na tsallake wasu layuka. Amma ya gane, domin ya juya fuska bango. Rashin takarda laifina ne, ba nasa ba. Kwana huɗu yana nuna mini ƙarƙashin gado yana cewa "Nababa" kafin na fahimci abin da yake so, ranar kuma Sunday na shirin tashi, sai na ƙulla kawai na ba shi.

Na tambaye shi wacce ce ta Kaka Nasrullahi. Abin da na iya ji shi ne, "Kada ya yi sauri." Ya faɗa sau uku. Sannan ya yi ta ɗaga hannun hagu yana juya shi. Na ba shi ruwa, ya ture. Na gyara masa matashi, ya harare ni. Ina jin gajiya ce, tunda hannun ne kaɗai ke masa aiki yanzu.

Ka rubuto mini kamannin kowace aska, ɗaya bayan ɗaya, in karanta masa da safe lokacin da bakinsa ya fi sakewa. Sannan, Baffa, ka yi haƙuri da ni, kada a sa wa jariri ƙarfe mai tsatsa. In an gyara ta ma, a tafasa ta sosai.

'Yarka,
Hauwa'u.

*

Kontagora,
20 ga Yuni, 2023.

'Yata Hauwa'u,

Na samu taki, mun gode Allah da jin sauƙinsa. Innarki na amsawa. Nan ruwa ya sauka sosai, ɗakina na yoyo ta kusurwar gabas.

Kada in yi sauri, in ji shi. Wanda ya jira shekara talatin da tara ake gaya wa haka.

Ga kamanninsu. Biyu na kanti ne, masu naɗewa cikin mariƙinsu, da ragowar rubutun Turawa a jiki. Su na ware, domin Baba bai taɓa yarda da askar kanti ba. Biyar ɗin ƙirar maƙera ce, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba, baki mai faɗi, wutsiya siririya. An naɗe mariƙin kowacce da zaren fata, fatar ta yi baƙi ƙirin, ta bushe, tana wari. Na auna su da rula, bambancin tsawonsu bai kai faɗin farce ba. Na sa tabarau na duba a rana, ba suna, ba lamba, ba wata shaida. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Na san za ki ce in kai wa wanzaman kasuwa su duba. Ba zan je ba. 'Ya'yan waɗanda suka yi dariyar nan ne ke zaune a rumfar. Na leƙa shagon aski na bakin titi, mai shagon ya riƙe kilifa yana kallon askar, ya ce, "Baba, wannan ta yanka albasa ce?"

Sai na tafi wajen Andarawus mai walda, tsohon ɗalibina, wanda na sha zane shi a kan lissafi. Ya tashi ya ba ni benci, ya ce, "Hedimasta, yau kai ne a aji, ni ne da bulala." Shi ya koya mini a jiƙa ƙarfe cikin kananzir kwana biyu, a goge da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, a shafa mai. Ya ba ni aron dutsen washi. Na fara koyo da na kantin. Ta farko na danna ta da ƙarfi, bakinta ya ɓalle kamar haƙorin tsoho. Ta biyu ta yanke ni a babban yatsa, har Innarki ta ce, "Ka tsufa da boko lafiya, sai wanzanci ne zai kai ka asibiti." Amma ta biyun ta fito. Jiya na aske gashin damtsena da ita, ya zube ba ja.

Ba zan ɓoye miki ba, na daɗe ina kallon damtsen. Ban taɓa zama na kalli Baba yana aiki ba. In ya shimfiɗa tabarma ya buɗe zabira, ni na ɗauki littafi na bar gidan. A kwaleji cewa nake yi ubana ɗan kasuwa ne.

Biyar ɗin ban taɓa su ba. Ina jiran amsa. Ki gaya masa lokaci na tafiya.

Baffanki,
Nababa.

*

Zariya,
1 ga Yuli, 2023.

Baffa,

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Abba ya samu ya zauna a kujera ran sallah, har ya ci hanta.

Baffa, don Allah kada ka taɓa biyar ɗin. Kwana uku na yi da shi da safe, kalma kalma, sai yau na haɗa zancen. Ashe hannun hagun da yake ɗagawa magana ce, ni ce ban gane ba. Kaka Nasrullahi bahago ne. Abba ya ce maƙeri ɗaya ne a Salka ya ƙera duka biyar ɗin, shi ya sa suka yi kama. Huɗu na Abba ne, ya sa aka ƙera masa daga baya. Wanzaman gidanmu gefe ɗaya suke wasa aska. Na Abba an wasa su ta gefen mai aski da dama, ta Kaka kuwa ta ɗaya gefen. Ya ce ka goge tsatsar bakin kaɗai da tsumma da mai, ka jera su, wadda bakinta ya saɓa wa sauran ita ce. Shi Abba bai taɓa aski da ita ba.

Akwai na biyu, kuma a nan ya yi kuka. Ya ce ran sunanka Kaka da kansa ya yi maka aski. Ya ɗebi kaɗan daga gashin ya sa a jikin mariƙin askar, ya naɗe da fata. Yana nan ƙarƙashin naɗin. Ya ce duk gidan sunan da Kaka ya je, kafin ya taɓa kan jariri sai ya murza wurin da babban yatsa.

Ya ce da ciwon ajali ya kama Kaka, kana makarantar da aka tura ka a Mashegu, Kaka ya ce masa, "Zabira taka ce, kai ne mai sana'a. Askar suna ta Nababa ce. Amma kada ka kai masa, zai ji kunyarta. Ran da ya tambaya ka ba shi." Abba ya ce ya yi ta jira, ba ka tambaya ba, shi kuma tsoron bakinka ya hana shi farawa.

Kada ka cire fatar, Baffa, komai dattinta.

'Yarka,
Hauwa'u.

*

Kontagora,
25 ga Yuli, 2023.

Hauwa'u,

Ina fata kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Sa'adiya ta dawo gida, ƙafafunta sun kumbura, yau ko gobe.

Talata huɗu ke nan ina zuwa tasha. Har masu sayar da rake sun san ni, in sun hango ni sai su ce, "Malam, yau ma babu." Ba Sunday, ba takarda. Wannan ma wani direba na roƙa ya kawo miki.

Na gane. Mahaifinki ya ba ni jaka ya riƙe sanin abin da ke ciki, don in zo Zariya in durƙusa. Ko yana kwance sai ya nuna mini shi ne magaji. To ki gaya masa ɗan boko ya yi abinsa ba tare da shi ba.

Na gyara duka biyar. Tunda ban san wacce ba ce, na ce in fito da su gaba ɗaya, duk wadda ya nuna a shirye take. Na sa reza na yanke ruɓaɓɓiyar fatar nan daga kowacce, na tara a tsohon kwano. Ke da kike maganar tsabta, da kin ga abin da ke ciki. A ƙarƙashin wata har da dunƙulen gashi, ko na wane ne oho, ya maƙale shekara da shekaru. Na juye kwanon a murhu. Innarki ta yi ta faɗa wai na cika mata gida da ƙauri.

Ƙarafan na zuba su tare cikin kananzir, na yi mako guda ina gurza. Da tsatsar ta fara tashi sai na lura duk gefe ɗaya aka ci bakinsu, wata ma ta karkata daban da 'yan uwanta. Aikin da ba ma'auni ke nan. Na kai wa Andarawus. Ya juya su ya ce, "Hedimasta, anya ba da gangan aka yi su haka ba?" Na ce ya kunna injinsa ya bar tambaya. Ya daidaita mini bakin kowacce ta gefe biyu, ni kuma na ƙarasa a dutse, na goge a bayan tsohon bel ɗina. Wani baduku ya naɗe mini su da sabuwar jar fata.

Yanzu suna nan a jere a kan farin ƙyalle, kana ganin fuskarka a jiki, kowacce na aske gashi. Ba na jin sun taɓa yin kyau haka ko a hannun Baba. Abu ɗaya ya rage, ya buɗe baki ya ce wacce.

Nababa.

*

Kontagora,
1 ga Agusta, 2023.

'Yata Hauwa'u,

Ina gaisuwa. Yaya jikin ɗan'uwana?

Yau Sunday ya zo har gida, hula a hannu. Motarsa ce ta lalace a Tegina washegarin da kika ba shi takarda. Ya bar ta wajen makanike ya tafi ƙauyensu, takardar na cikin aljihun mota wata guda. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na karɓi takardar.

Na karanta sau huɗu. Na san Baba bahago ne. Da hagu yake miƙa mini kuɗin makaranta, kakata na yi masa faɗa. Na sani sarai, amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin ya shafi aska ba.

Na je murhu. Innarki ta ce tun wancan makon aka kwashe tokar aka kai gonar bayan gida. Na je gonar na tsuguna tsakanin kunyoyin masara ina tona ƙasa da yatsa. Ruwa ya sauka sau uku tun lokacin.

Na zauna na matsa wa kaina in tuna wacce ce ta karkata daban. Duk cikin kwano ɗaya na zuba su. Andarawus ya ce shi ma bai riƙe ba. Baduku bai san ma zancen ba.

Ga su nan na ba Sunday, duka biyar. Mutumin da ya yi shekara talatin da tara yana buɗe zabirar nan, wataƙila hannunsa ya san nauyinta. Wasiƙata ta makon jiya, in ba ki karanta masa ba, ki ƙone ta. Ki ce masa na tambaya. Ki faɗa masa haka daidai, Nababa ya tambaya.

Baffanki,
Nababa.

*

Zariya,
8 ga Agusta, 2023.

Baffa,

Ina gaishe ka. Na ji Sa'adiya ta sauka ran Alhamis, an samu namiji. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Waccan wasiƙar ban karanta masa ba. Na gaya masa saƙonka kamar yadda ka ce. Ya rufe ido ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na shimfiɗa masa asaken a cinya. Da ya ga jar fatar sai ya dube ni. Dole na gaya masa abin da ya faru. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kowacce da hagu, ya auna a tafin hannu, ya shafa bakin da yatsa, ya kai kusa da ido. Ya sa na ɗora masa su a hannun daman, ko zai ji wani abu. Hannun bai riƙe ba. Mun yi haka safiya uku. Jiya ya ware biyu, na yi murna, yau kuma ya mayar da su cikin sauran.

Ya ce in gaya maka, "Duk sun zama ɗaya." Ya kuma ce wanda ya wasa su ya iya washi, in tambaye ka wane ne. Na ce kai ne. Sai ya ce, "Da ya zauna kusa da Baba, da ya fi ni."

Na mayar da su ta hannun Sunday don su riski suna.

'Yarka,
Hauwa'u.

*

Kontagora,
15 ga Agusta, 2023.

'Yata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mai jego da jariri suna lafiya. Ki gaida mini ɗan'uwana Abdulƙudus. Ki ce masa in gwiwa ta bar ni zan zo bayan damina, ba don aska ba.

An yi suna ran Alhamis, yaro ya ci sunan Nasrullahi. Ni da kaina na je rumfar kasuwa na kira wanzami. Da ya shimfiɗa tabarma na fito da biyar ɗin na ba shi labari a gaban mutane. Ba wanda ya yi dariya. Ya juya su ya ce, "Malam, da ka kawo mana su da tsatsarsu, ko makaho a cikinmu zai shafa ya ware maka ta bahago." Ya ce in zaɓi ɗaya da bisimilla, ai ko ba komai tana cikinsu. Innarki ma ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Ɗauki ɗaya mana, jama'a na jira."

Na miƙa hannu, na kasa. In na ɗauki ɗaya na ce wa yaron nan ta kakan uwarsa ce, kashi huɗu cikin biyar ƙarya na yi masa. Aka aika kanti aka sayo sabuwar reza, da ita aka yi askin. Wannan karon na zauna na kalla daga farko har ƙarshe.

Zabirar na rataye a zaure, a ƙusar da aka sauko da ita daga kai ran sadakar uku. Asake biyar ne a ciki, ɗaya ta ubana ce, kuma babu mai rai da ya san wacce. Gashin da ya naɗe a jikinta ya yi shekara sittin da takwas a wurin. Ni na yanke shi da hannuna na zuba a wuta.

Baffanki,
Nababa Nasrullahi.